An Ƙidaya Manomin Saji, Saura A Ƙidaya Masa Kuɗinsa

Dattawan Saji, cikin ƙasar Rano, ba su manta da zuwan malamin haraji ba. Kafin a cire gyaɗa sai a ga malam ya sauka gidan dagaci da littafinsa, masu unguwa suna biye da shi gida gida, ana rubuta kowane namiji baligi. A ran nan saurayi ya kan koma yaro, a ce ai bai isa ba tukuna. Wani kuwa ya haye dutse, ba ya saukowa sai malam ya wuce. Fulani su ma da sun ji motsin masu jangali sai shanu su ƙetare iyaka cikin dare. Ba wanda zai ga laifinsu ƙwarai, gama a wancan zamani duk wanda aka rubuta sunansa, to, biya aka rubuta masa.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979. Amma tsoron littafi bai fita daga zukatan waɗansu ba, ko da ya ke al'amarin ya juya sarai. Yanzu yawan mutanen gari shi ne ke jawo masa rabo. A bisa tsarin da aka kafa a 2004, cikin kowace naira ɗari da a ke rabawa daga asusun tarayya, naira 20 da kwabo 60 na ƙananan hukumomi ne, su 774. Wajen raba wannan kuma, kashi 40 cikin ɗari a kan yi raba daidai, kashi 30 kuwa sai a dubi yawan jama'a. Watau magidancin da ya ɓoye 'ya'yansa ran ƙidaya ba gwamnati ya cuta ba, rijiyar garinsu ya rage wa kuɗi.

Sai dai kuma da manya suka gane haka, sai cutar ta koma ɗaya gefen. Da ana ɓoye mutane, yanzu ana ƙago su. Ƙidayar 1962 rigima ta sa aka soke ta. Aka sake a 1963, aka ce Nijeriya mutum miliyan 55.6 ce, Arewa tana da miliyan 29.8, nan ma sai da Gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara kotu. Ta 1973 Janar Murtala Muhammed ya jefar da ita a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuwa miliyan 140.4, Jihar Kano miliyan 9.4, Ikko miliyan 9.1, mutanen Ikko suka ce ba su yarda ba. An shirya wata a 2023, aka ɗaga ta ana gab da farawa.

Ƙidayar 2006 ta ba Rano da Kibiya kowacce tsakanin mutum dubu 130 da dubu 150. To, ga abin da ya kamata manoma su lura da shi. Cikin watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani ke nan, kuma ka'ida ita ce inda aka sami mutum nan a ke rubuta shi. A watan Maris ina samarin Saji da na Rurum da na Tarai su ke? Da yawa suna cin rani, wannan yana dako a Kano, wancan yana tura ruwa a Kudu, wani yana ƙodago a gonakin rani na Kadawa. Wanda bai komo gida ba, an sa shi cikin lissafin wani gari, alhali da damina ta faɗi nan zai dawo, nan matarsa za ta haihu, nan 'ya'yansa za su nemi benci a makaranta. Ta 1963 da ta 1991 cikin Nuwamba aka yi su, lokacin da kowa ke gida wajen girbin dawa. Lalle in za a sake, wakilan ƙasar noma su tsaya a kan maganar wata tun kafin a sa rana, don bayan an rufe littafi kuka ba ya ƙara ko mutum ɗaya.

Ko an yi gardama kan adadi, ba mai gardama cewa jama'a ta ƙaru, don gona ta shaida. A 1963 an ce Lardin Kano yana da mutum miliyan 5.8. A 2006, in an haɗa Kano da Jigawa, wadda aka cire daga jikinta a 1991, sun haura miliyan 13 da rabi. Ƙasar kuwa ko taki ɗaya ba ta ƙaru ba. A ce mutum ya bar eka 12 da 'ya'ya maza huɗu, ban da rabon mata. Kowa ya tashi da abin da bai kai eka uku ba. In su ma kowa ya bar huɗu, jika ba zai sami ko eka guda ba. Shi ya sa barin gona ta huta ya zama labari, burtali ya tsuke, makiyayi da manomi suna haɗuwa a inda da ba su haɗuwa. Gonar da ba ta hutawa kuwa sai da taki, taki kuma sai da kuɗi. Hukumar da ba ta san yawan bakunan da ke ci daga eka guda ba, yaya za ta san buhu nawa za ta kawo?

An ga misalin wannan a 2012, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fara ba da taki mai rangwame ta hanyar wayar hannu. Wanda aka rubuta sunansa ya sami saƙo ya je ya karɓi buhunsa, wanda ya ce shi ba ya ba da sunansa ya koma kasuwa ya saya da tsada. Har wa yau a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bi gidajen manoma, abin da rabon da a yi tun wajen 1993. Sakamakon da ta fitar a 2024 ya nuna gidaje fiye da miliyan 40 ne ke noma a Nijeriya, Jihar Kano ce kan gaba da fiye da miliyan biyu. Wannan makami ne a hannun mai neman taki da iri da malamin gona, in ya san da shi.

Littafi na biyu shi ne na masu jefa ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 maza kaɗai aka rubuta a Arewa, mata ba su sami shiga ba sai 1976. A zaɓen 2023 Jihar Kano tana da mutum miliyan 5.9 cikin rajista, Ikko kaɗai ta fi ta. Amma ran zaɓen shugaban ƙasa ƙuri'un da aka ƙirga wajen miliyan 1.7 ne, ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba. Ina sauran? Waɗansu sun rasu sunansu bai fita ba, don a ƙauye ba a saba kai rahoton mutuwa ofis ba. Waɗansu sun ƙaura. Waɗansu kuwa katin suna so ne don shaida a banki, ba don akwati ba. Saji mazaɓa ce guda cikin Ƙaramar Hukumar Rano, tana da kansila nata, Rano da Bunkure da Kibiya kuma kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai. Ɗan siyasa ba yawan mutanen gari ya ke dubawa ba, takardar sakamako ya ke dubawa, rumfa rumfa. Ƙauyen da ke da suna dubu a littafi amma mutum ɗari biyu suka fito, a wurinsa ƙauyen mutum ɗari biyu ne, kuma kwalbatin mutum ɗari biyu zai samu.

Littafi na uku shi ne wanda talaka bai taɓa gani ba, watau na kuɗi. A nan ne maganar ta ke. Zamanin En'e, duk da zaluncin da a ke faɗi, mai biyan haraji yana da rasit a aljihu, ya san sule nawa ya bayar, yana da bakin tambayar inda suka shiga. Da aka daina karɓa daga hannunsa kai tsaye sai ya ɗauka kuɗin Abuja kyauta ce, mai karɓar kyauta kuwa ba ya tambayar canji. Alhali da sunansa aka karɓo su, kuma yana biya ta wata hanya: harajin kaya yana cikin kuɗin katin waya da kwanon rufi da babur, ga kuɗin shiga kasuwa duk ran da ya kai buhu ko akuya.

Abin mamaki, wannan lissafi ba asiri ba ne. Kowane wata Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga su kan buga abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, da sunanta, har da Rano da Kibiya. Shekara da shekaru kuɗin su kan bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Cikin Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukunci dai abu ɗaya ne, aiki da shi wani abu ne dabam, kuma ba zai tabbata ba muddin waɗanda kuɗin ke zuwa dominsu ba su san ko nawa ne ba.

Wannan aiki na malamai ne da akawuna da 'yan kasuwa, su da ke da karatu da waya. Ba sai an jira doka ba. A sami mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa su kwafo adadin wata, su rubuta da boko da ajami, a manna a bakin kasuwa. Sa'an nan ƙungiyar manoma ta nemi kansila, cikin ladabi, ya kawo nasa ɓangaren: nawa aka biya albashi, nawa ya rage, nawa aka sa a taki da allurar dabbobi da gyaran hanyar da motar hatsi ke bi. Shugaban da ke da gaskiya wannan taimako ne gare shi, don sau da yawa albashin malaman firamare da ma'aikatan asibiti ke cinye mafi yawan kuɗin, jama'a kuwa ba su sani ba, suna ta zarginsa. A fara da watan da a ke ciki, a ajiye takardar, wata mai zuwa a manna ta biyu kusa da ita.