Abin da Nake Dubawa Kafin Takarda

Malam Edita,

Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari, kullum daga Bachirawa nake tasowa. Matasan Ungogo, daga Rangaza, Fanisau da Gayawa, sukan zo neman aiki riƙe da takardar difloma. Ina murna da karatunsu, amma ba takardar nake fara dubawa ba.

Nakan lura da sallamar yaro, da ko yana bari mutum ya kai aya. Sai in aike shi kasuwar Singa da kuɗi. In ya miƙo canji cif tun ban tambaya ba, ya ci rabin jarrabawa.

Bara na ɗauki wani, lissafinsa ba kuskure. Wata Hajiya daga Maraɗi ta sa ya sauke turmi goma, ba ta saya ba, sai ya yi tsaki. Har yau ba ta sake taka shagon ba. Abin ya yi mini ciwo, don yaron yana da kai.

Yaranmu da suka tashi a gona sun san sammako, sun san aikin gayya. Ina roƙon malaman sakandarenmu su ɗora a kai: tarbar baƙo, haƙuri da mai ciniki, da faɗin gaskiya in an yi ɓarna.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Bachirawa, Ungogo