Matuƙin Jirgin da Ba Shi da Uwa Ba Shi da Gari

Jama'a, yau maganar wasu samarin Rayfield ta Jos ce, masu raba dare suna yaƙin jiragen sararin samaniya a intanet. Wasan ba laifi ba ne. Laifin yana wajen aikin da suke karɓa da bakinsu, su yi masa riƙon sakainar kashi.

A irin wannan wasa, kamar EVE Online da kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, akwai rukunonin da ke haɗa yaƙin da labari. Kowa ya ɗauki matuƙi guda ya zama shi, sannan ya rubuta tarihinsa. Ɗan wane ne? Me ya raba shi da gida? Wa ke binsa bashi? A kan wannan ne sauran 'yan rukuni za su ɗora nasu labarin.

To me mutanenmu ke kawowa? Layi huɗu. Maraya ne, an kashe iyayensa yana jariri, ba ya dariya, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Sunan Bature, tabo a kumatu, shi ke nan. An kwaso daga fim, an sauya harafi biyu, an miƙa ba kunya ba tsoron Allah.

Kuma su ne dai masu ƙorafin nan kullum, wai Turawa sun manta da Afirka a labaran kimiyya, wai ba a ganin irinmu a cikin taurari. To ga fili an ba su. Ba edita, ba kuɗin ɗab'i, ba mai cewa kul. Wa ya riƙe musu hannu?

Duk wanda ke kwana a Rayfield ba shi da bakin cewa ya rasa abin rubutawa. Tafkin nan da ake zuwa shaƙatawa, ana hawa kwalekwale ana ɗaukar hoto, ramin kuza ne da kamfanoni suka haƙa, suka kwashe arziki, suka bar wa ruwa. Tsibin jar ƙasa da kududdufai suna nan har Bukur, a kan filayen da dā gonakin Birom ne.

A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar da take yaƙi da ita, sai ta juyo kan Filato. Aka yi ta ɗebo talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka tsunduma shi cikin rami a sanyin Jos, kwano a ka, ciki ba abinci. Da yawa ba su koma gida ba. Sai a 1944 aka daina.

Yanzu a dubi wasan da suke yi. Haƙar ma'adinai ce a duwatsun sama, manyan kamfanoni ne ke cin gumin ƙanana, ga kuma al'ummar Minmatar da daular Amarr ta bautar. Ashe jikan ɗan kuza sai an koya masa yadda ake rubuta lebura? Amma ina! Ya tsallake kakansa, ya je aro wajen wanda bai taɓa ɗaukar kwano ba.

Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya da Hausa, ba kwamfuta, ba intanet. Masu waya a tafin hannu me za su ce?

Sai kuma ɓacewa. Mutum ya karɓi matsayin kwamanda, labari ya kai tsakiya, mutum biyar suna jiran amsarsa, sai ya yi ɓatan dabo mako uku. In ya dawo, an ɗauke wuta, data ta ƙare. Datar da ta ƙare ce ke sauya masa hoto a WhatsApp safe da yamma? Cewa "ku ci gaba, ba ni da hali" kuɗin nawa ne?

Su ne suka fi kowa haddace labarin yaƙin B-R5RB da aka yi a cikin EVE a Janairun 2014, wanda aka shafe wajen awa 21 ana gwabzawa, manyan jiragen Titan 75 suka tarwatse. Mafarinsa kuɗin riƙe yanki ne da ba a biya kan lokaci ba. Sun san sakaci guda kan jawo wa dubbai asara, amma nasu sakacin ba sa ganinsa.

Shugabannin rukunoni, ku ma da naku. Kuna karɓar kwafe don kada a ce kun cika tsanani. Ku daina. Wanda ya kawo matuƙi ba uwa ba gari, ku mayar masa ya sake. Wanda ya ɓace ba sallama, ku ba wani kujerarsa.