Kwalbar Sifaniya a Teburin Biki: Martabar Aro, Kuɗin Gaske

A Kebbe, kamar sauran garuruwan Jihar Sakkwato, ba a sayar da giya a sarari tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Sai dai siffar kwalbar giya ta shigo, har ta samu mazauni a babban teburi. Duk wanda ya taɓa halartar walimar ɗan boko a Tambuwal ko liyafar ƙarin girma a Sakkwato ya san ta: doguwar kwalba mai wuya naɗe da takarda mai ƙyalli, in an buɗe ta yi ƙara, kumfa ya tumbatsa, masu hoto su matso. Ana ce mata wain. Fitacciya a cikin irinta, Eva, daga Sifaniya ake kawo ta. Ba ta da barasa, kuma masu yin ta ba su ɓoye abin da ke ciki ba: ruwan 'ya'yan itace ne da aka ɗura wa iskar da ke cikin lemon kwalba. Laifin ba nasu ba ne. Laifin na mai saye ne da ya ɗauka martaba ya saya.

Martabar nan ta aro ce, aron ma daga hannun wanda ya aro. Giyar Sifaniya mai kumfa ta ainihi sunanta Cava, kuma cibiyarta garin Sant Sadurní d'Anoia ne, kusa da Basalona a yankin Kataloniya. A 1872 Josep Raventós na gidan Codorníu ya fara yin ta ta hanyar da Faransawa ke yin shamfen, wato a bar ta ta sake tsima a cikin kwalbar da za a sayar da ita. Kusan shekara ɗari Sifaniyawa na kiran ta shamfen, har Faransa ta tsaya kai da fata cewa sunan na yankinta ne shi kaɗai. Dole ta sa suka koma ga kalmar cava, wadda ke nufin ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, suka kuma kafa hukuma mai tsare ƙa'ida: daga ina inabin ya fito, wane iri ne, wata nawa kwalba ta kwanta. Mafi ƙaranci wata 9 ne, mai daraja ta kai wata 30.

Da wannan ƙa'ida Cava ta cika kantunan Jamus, Beljiyam, Ingila da Amurka, har mafi yawan abin da ake yi ya zama na fitarwa. Yawan kuma shi ya ci mata mutunci. Manyan kamfanoni sun yi ta karya farashi har Bature ya san ta a matsayin abin da ake saye idan aljihu bai kai shamfen ba, sannan Prosecco ta Italiya ta zo ta ƙwace mata kasuwa. A 2012 gidan Raventós i Blanc, na zuriyar wanda ya fara sana'ar, ya ajiye sunan Cava. A 2018 kamfanin Henkell na Jamus ya sayi fiye da rabin Freixenet, Carlyle na Amurka ya karɓe Codorníu. A 2019 gidaje tara, ciki har da Gramona da Recaredo, suka fice suka riƙe sunan Corpinnat. Masu abin ke nan suke gudun sunan, alhali a Sakkwato ana tafa wa inuwarsa.

Abin takaicin yana wani wuri. Sifaniya tana da wani abin sha da take alfahari da shi, horchata ta yankin Balensiya, wanda ba komai ba ne illa kunun aya. Ayar da ake nomawa a can tana da suna mai rajista da hukuma mai kare shi. Da yake ba ta isar su, sai su cike giɓin da ayar Nijar, Mali da Burkina Faso, kuma jihar Maraɗi na cikin manyan masu noma ta. Wato buhun aya ya bar ƙasar Hausa ba suna, kwalbar ruwan inabi ta shigo da tambari da kwalliya. A wurin bikin kuwa, kunun aya da zoɓo suna can bayan rumfa a tsofaffin gorunan ruwa, rabon yara da direbobi.

Masu kare kwalbar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A rufe take, tana ɗauke da lambar NAFDAC, tana yin watanni ba firji. Kunun aya kuwa yini ɗaya ya ishe shi ya yi tsami a zafin Kebbe, inda wutar lantarki baƙuwa ce, kuma ba wanda zai rantse da tsabtar ruwan da aka dama shi. Gaskiya ne. Amma dafa abin sha don kashe ƙwayoyin cuta da rufe shi a kwalba ilimi ne da ake koyarwa a jami'o'i da kwalejojin kimiyya na Arewa, ba asirin Turawa ba. Waɗanda suka yi wannan karatu, da ma'aikatan banki masu ba da rance, da jami'an ma'aikatun ciniki, su ne dai ke zaune a babban teburin suna jiran a fasa kwalba.

Maƙwabta sun nuna ana iyawa. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar suna a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da yawancinsu ke amfani da Faransanci, ta yadda ba kowa ne zai liƙa wa hajarsa sunan ba. Najeriya ta daɗe ba ta da doka ta musamman a kan haka. Zoɓon da ake tarawa a Maigatari ta Jihar Jigawa yana tafiya har Meziko a buhuna, can a jiƙa shi a sha da sunan jamaica, ba mai ambaton Jigawa.