Sinafshot Ba Kwafin Ajiya Ba Ne, Ko Da Faifai Ya Cika

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kula da sabobin kwamfuta a ma'aikatu: "Ai babu wuri a faifai, shi ya sa muke dogara da sinafshot." Mai faɗinta yana jin kansa a matsayin mai tattali. A ganina ganganci ne aka sa wa riga mai kyau, kuma bayanan jama'a ne ke cikin haɗari.

Kwamfutar kwaikwayo, wato wadda manhaja irin su VMware, Proxmox ko Hyper-V ke ginawa a cikin wata kwamfutar ta ainihi, rayuwarta kacokan tana cikin 'yan manyan fayiloli ne. Idan aka ɗauki sinafshot, manhajar takan daskarar da fayil ɗin faifan yadda yake, ta buɗe sabon fayil inda za a riƙa rubuta duk canjin da ya biyo baya. Ba a kwafi komai zuwa ko'ina ba. Sabon fayil ɗin ya rataya ne a kan tsohon, kuma dukansu suna zaune a faifai ɗaya. Ranar da faifan ya mutu, tare za su tafi.

Abin takaici, dabarar da aka ɗauka domin a rage cin wuri ita ce ke cinye wurin. Fayil ɗin canje-canje yana kumbura kullum, har yana iya kai girman faifan asali. Kamfanin VMware da kansa yana gargaɗin kada a bar sinafshot ya wuce awa 72, kuma ko da yake ana iya jera har 32, shawararsa ita ce kada a zarce biyu ko uku. Ranar da aka tashi gogewa, sai manhajar ta mayar da canje-canjen cikin fayil ɗin asali, aikin da shi ma yake bukatar wuri da lokaci. Idan ma'ajiyar ta cika maƙil, kwamfutocin kwaikwayon da ke kanta sai su tsaya cak, sau da yawa ana tsakiyar aiki.

Wanda yake ganin an cika baki, ya tuna Fabrairun 2023, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai da aka yi wa laƙabi da ESXiArgs ta afka wa dubban sabobin ESXi a duniya ta kulle fayilolin kwamfutocin kwaikwayo. Abin da ke zaune a ma'ajiya ɗaya da su ba shi da wata katanga da za ta kare shi. Ya kuma tuna gobarar Maris 2021 a cibiyar bayanai ta OVH da ke Strasbourg a Faransa, inda wasu abokan cinikin kamfanin suka gano cewa kwafin ajiyarsu ma a harabar da ta ƙone yake.

To, ƙarancin wurin fa? Gaskiya ne, faifai ba kyauta ake ba da shi ba. Amma yawancin masu wannan kuka ba su taɓa yin lissafi ba. A ce kwamfutar kwaikwayo tana da faifai mai gigabayit 100, ana amfani da 40 kawai, kuma abin da ke canzawa a rana bai wuce 2 ba. Cikakken kwafi bakwai na mako guda zai ci gigabayit 280. Cikakken kwafi ɗaya da ƙarin canje-canjen kwana shida kuwa 52 ne. Manhajojin yau sun iya wannan: VMware tana bin diddigin gutsattsarin faifan da suka canza, Proxmox Backup Server kuma yana yanka bayanai gunduwa-gunduwa, ya matse su, ya adana kowace gunduwa sau ɗaya tak. Idan kwamfutocin kwaikwayo goma suna tafiya da Ubuntu iri ɗaya, babu dalilin adana Ubuntu sau goma.

Sauran aikin na yanke shawara ne, kuma a nan ake kasala. Kwamfutar gwaji da za a iya sake ginawa cikin awa ɗaya ba ta cancanci ko gigabayit ɗaya na ma'ajiya ba. Rumbun bayanan albashi ko na marasa lafiya ya cancanci kwafi kullum. A tsai da ƙa'ida: kwafin kwana bakwai, na mako huɗu, na 'yan watanni, sauran a share. Kafin a kwafa, a sa kwamfutar ta sanar da guraben da aka goge, kada a yi ta jigilar shara.

Sannan kwafin ya bar na'urar. Ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta tanadi kwafi uku, a nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Wanda bai kai ga haka ba, faifan waje ɗaya da ake cirewa a kulle a wani gini ya fi sinafshot talatin. Shugaban ma'aikata da ke sa hannu a kasafin kuɗi ba ya bukatar sanin fasaha kafin ya bincika wannan. Ya kira jami'in kwamfuta ya ce a dawo masa da sabar albashi daga kwafin jiya, a kan wata na'urar, yana zaune yana duba agogo.