Tsutsa Kake Nufi Ko Yaran Unguwa?

Maigida, da kai nake, kai mai lemo da gwaba a tsakar gida nan Nasarawa Gwom. Tun saukar ruwan farko a watan Afrilu ganye ke tofowa, tsutsa na biye da shi, kana wucewa safe da yamma ko ɗaga kai ba ka yi. Sai ranar da reshe ya koma tsirara sannan ka zabura, ka aiki yaro ya sayo Sniper ko ota-fiya-fiya, ka tuttula a bokiti ba awo, ka yayyafa da tsintsiya da rana tsaka. Ga tukunya a buɗe, ga rijiya kusa, ga kaji na kiwo a gindin bishiyar. Haba Malam!

Sinadarin da ke cikin kwalbar nan, dichlorvos, shi aka samu ya wuce kima a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken a 2015. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwa da kantuna. Kai kuma ka mai da shi ruwan wankan gwaba.

Da ka taɓa duba ganyen lemonka, da ka ga abokiyar gabar ba ta kai haka ba. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, baƙi-baƙi da ratsin fari. In ta girma sai ta koma koriya, kana taɓa ta ta fiddo wasu ƙahoni masu wari. A kan dashe ɗaya a yatsa za ka ƙirga su. Tsince su, ka zuba a ruwan sabulu. Fara ma, da sanyin safiyar Jos ba ta da kuzari, girgiza reshe kawai ya isa.

In abin ya yi yawa, ga darbejiya. A daka busassun 'ya'yanta, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Tana hana tsutsa cin ganye ne, ba ta kashewa nan take. Na san abin da ya sa ka raina ta ke nan: gawa kake son gani a ƙasa.

Yaran da ke tsinkar gwabarka ta kan katanga, ka taɓa ganin ɗayansu ya wanke? A riga suke gogewa su kai baki.