Ma'aunin Sama da Kuɗin Tiyar Hatsi

Duk mai awon hatsi a kasuwar Gazawa ko Gidan Rumji ta san in tiya ta lotse, ciniki ya ɓaci. To, haka abin yake ga roka. Cikinta cike yake da ƙananan na'urorin awo: wasu na auna matsin mai a tanki, wasu zafin inji, wasu gudu da karkata. A watan Yunin 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ba ta cika minti ɗaya da tashi ba, domin awon gudunta ya fi ƙarfin lissafin kwamfutarta.

Ina ruwanmu da wannan? Ai rokokin Ariane ne suka kai yawancin taurarin ɗan'adam na Meteosat sama, masu auna gajimare dare da rana. Da irin wannan awo cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa a Yamai a 1974, ke ƙiyasta damina da amfanin gona tun kafin girbi.

Ba a manta 2005 ba. Tun ƙarshen 2004 aka san fari da fara sun rage hatsi, amma labarin bai iso ga mai tiya da wuri ba. Masu hali suka cika sito, farashi ya haura, yara a Agye da Gidan Rumji suka sha wuya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Maraɗi su riƙa karanta wannan ƙiyasi da Hausa a rediyon karkara, jajibirin kowace kasuwa, kafin mata su ɗaure kuɗin sari.