Ƙasusuwan Anyang da jerin sarakunan Shang

Masu cewa tarihin tsohuwar Sin tatsuniya ce zalla sun yi garaje. Marubucin tarihi Sima Qian ya jera sarakunan daular Shang kusan shekara 1,000 bayan faɗuwarta, wasu masana suka ce ƙage ne. Sai ga ƙasusuwan duba, kafaɗun shanu da ɓawon kunkuru masu rubutu, sun fito daga Anyang. A 1917 masani Wang Guowei ya nuna sunayen da ke jikinsu sun dace da jerin nan, in ban da 'yan gyare-gyare. Za ku ce daular Xia da Sima Qian ya ambata har yau ba ta da rubutacciyar shaida. Haka ne, amma ni ba zan ƙaryata shi ba tukuna, don ana ci gaba da tono a Erlitou, inda wasu ke zaton daular Xia ta kasance.